Bindigar Silikon Mai Batir Da Sauran Injunan Hannu: Jawabi Ga Masu Sana'a



An shirya wannan jawabi ne domin masu haɗa tagogin alminiyam da gilashi, da kafintoci, da magina, da masu aikin famfo, da masu liƙa tayil, da kuma yaran da ke koyon sana'a a hannunsu. Maganar kuwa a kan injunan hannu ce masu aiki da lantarki, musamman irin waɗanda ke ɗauke da batir a jikinsu, da yadda mutum zai ci moriyarsu ya koma gida da idanunsa biyu da yatsunsa goma.

A shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda haɗari ko ciwon da su ka samu a wurin aiki, waɗansu miliyan 395 kuma su kan ji rauni. Aikin gini yana cikin sana'o'in da abin ya fi shafa.

YADDA KAYAN AIKI SU KA SAKE

A da, in kafinta zai huda katako, ƙarfin damtsensa ne ke juya abin hujin. Da zarar ya tsaya, kayan aiki sun tsaya. A 1895 kamfanin Fein na ƙasar Jamus ya ƙera injin huji na lantarki wanda a ke riƙewa a hannu. A 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da na farko mai batir, marar waya. Sa'an nan a 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu, kuma shi ne ya ba injunan yau ƙarfin da su ke da shi. Yanzu akwai injin huji, da zarto, da injin yanka mai faifai, har da bindigar matsa silikon, duk masu batir. A ƙasar da a ke yawan ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce ga mai sana'a.

To, amma akwai abu ɗaya da ya wajaba kowa ya riƙe. Injin da ke da waya, in an zare wayarsa daga soket ya mutu, kowa kuwa yana iya ganin an zare. Mai batir wutarsa tana jikinsa. Yana kwance shiru a kan teburi kamar mataccen abu, alhali kuwa taɓa kunamarsa kawai ya ke jira. Saboda haka hanya ɗaya ce tak ta kashe shi da gaske, watau a cire batirin. Duk wanda zai sake faifai, ko bakin huji, ko kwanson silikon, ko zai goge inji, ko zai miƙa wa wani, ko zai tafi salla, lalle ya fara cire batir.

BINDIGAR SILIKON

Silikon shi ne mannin nan mai kauri da a ke toshe tsakanin gilashi da alminiyam da shi, da gefen bahon wanka, da wurin da kwanon rufi ke yoyo. Ya kan zo cikin kwanson roba mai cin mililita 300 ko kusa da haka. A bindigar da aka saba da ita, hannu ne ke matsa kunama, sandar ƙarfe ta riƙa tura gindin kwanson. A mai batir kuwa ƙaramin inji ne ke tura sandar, kuma akwai wurin murɗawa na ƙara gudu ko rage shi.

Domin ba ta yanka kuma ba ta ƙara, mutane da yawa su kan raina ta. Amma ƙarfin turawar waɗansu manya daga cikinsu ya kai nauyin kilo 400 ko fiye, watau buhun siminti 8. Yatsan da ya shiga tsakanin kan sandar da bakin bindigar, murƙushe shi za ta yi. Haka kuma hannu yana jin in abu ya toshe, sai ya sassauta. Inji ba ya ji. In bakin kwanso ya toshe da busasshen silikon, ko kuwa an manta ba a yanke kansa ba, injin zai yi ta turawa har kwanson ya fashe, ko toshiyar ta fita da ƙarfi. Mutumin da ya juyo da bakin yana leƙawa don ya ga abin da ya hana shi zuba, idonsa ya sa a hanya.

Ga yadda gwani ke yi. Ya kan duba ranar da aka rubuta a jikin kwanso, ya ajiye wanda ya daskare. Ya kan yanke tsinin bakin a karkace, yana tura wuƙa nesa da jikinsa. Ya ɗora kwanso batir na cire, sa'an nan ya sa batir, ya fara da gudu mafi ƙanƙanta, ya gwada a kan guntun kwali. In bai zuba ba, sai ya saki kunama, ya cire batir, ya ja sandar baya, sa'an nan ya bincika. Ba ya nuna wa kowa bakinta, ko da wasa.

Yawancin aikin silikon a sama a ke yinsa, bindigar kuwa da batirinta da kwanso ta fi kilo 2. Wanda zai hau tsani ya kafa shi a wuri mai tauri, in tsayin wurin jinginawa ƙafa 4 ne gindin tsanin ya nisanci bango da ƙafa 1, wani kuma ya riƙe masa. Kada ya miƙa jiki gefe don ya ƙarasa layi. Ya sauko ya gusa tsanin. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA KE CIKIN KWANSON

Silikon danshin iska ne ke busar da shi, don haka ya kan yi jinkiri a lokacin hunturu. Sa'ad da ya ke bushewa yana fitar da tururi. Irin wanda aka fi sa wa gilashi ya kan yi wari mai tsami kamar na binega, kuma yana sa ido da hanci zafi. Wanda ke aiki a makewayi ko ƙaramin ɗaki ya buɗe ƙofa da taga tukuna.

Akwai wani irin manni kuma da a ke kira foliyuritan, wanda a ke liƙa gilashin mota da toshe tsagar kankare da shi. A cikinsa akwai sinadarin da ke iya jawo ciwon fuka, watau asma, ga wanda ya daɗe yana shaƙa ko yana taɓawa, kuma in jiki ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ne ya kan tayar da ciwon. Abin ya kai ga cewa tun daga 24 ga Agusta 2023 ƙasashen Tarayyar Turai su ka wajabta wa ma'aikata samun horo kafin su yi aiki da kayan da ke da wannan sinadari fiye da ƙima.

Wata ɗabi'a da ta yaɗu ita ce mutum ya lashi yatsa ya shafe layin silikon, ya sake lasa. Wannan sai a bar ta. Guntun roba ko bayan tsohon cokali ya isa. A sa safar hannu ta roba. In ya taɓa fata, a goge da busasshen tsumma, a wanke da sabulu, ban da fetur ko kananzir, kuma a wanke hannu sosai kafin cin abinci. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti da kwanson a hannu domin likita ya ga irinsa.

BATIR DA ZAFI

A cikin batirin da a ke kira mai bolt 18 akwai 'yan ƙananan batura 5 da aka jera, ko 10 a cikin manya. Babban maƙiyinsu zafi ne. Masu ƙera su kan hana yin caji in zafi ya wuce digiri 40 ko kusa da haka, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Yamai zafin watan Afrilu ya kan kai nan ko ya wuce, a inuwa ma. Cikin motar da aka rufe, ko shagon kwano da tsakar rana, ya fi haka nesa. In ɗaya daga cikin ƙananan baturan ya yi zafi fiye da kima, ya kan kama da wuta ya kunna na kusa da shi, har duka su ƙone.

Saboda haka a yi caji a inuwa, a kan siminti, nesa da katifa da fetur da ɓarɓashin katako, da cajar da aka yi domin wannan batirin. Kada a bar shi a caji a kulle shago a tafi gida. Kada a jefa shi cikin jakar ƙusoshi, gama ƙusa ɗaya tana iya haɗa bakunansa biyu. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya faɗa ruwa, ko ya ke wari, a daina aiki da shi, a ajiye shi waje nesa da kaya, kada kuma a jefa shi a juji inda a ke ƙona shara. Araha ba ta ado: batirin jabu sau da yawa ba shi da abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. In wuta ta kama, a fitar da mutane domin hayaƙin guba ne, a yanke wutar caja, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Ruwa mai yawa yana sanyaya shi, amma ya kan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

INJIN FAIFAI DA INJIN HUJI

A cikin injunan hannu, injin yanka mai faifai yana cikin waɗanda su ka fi yi wa mutane mugun rauni. Ƙaramin, mai faifan milimita 115, ya kan juya kamar sau 11,000 a minti ɗaya, gefen faifan kuwa yana gudun fiye da kilomita 200 a awa. In ya fashe, gutsattsarinsa da wannan gudun su ke tashi. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka: na milimita 115 wajen 13,300, na milimita 230 kuwa wajen 6,600. Wanda ya cire garkuwar ƙaramin inji don ya ɗaura masa babban faifai ya sa faifan ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa nesa. Garkuwa a wurinta za ta zauna, da maƙallin hannu na gefe. A duba ranar da aka buga a zoben tsakiyar faifai, a yar da mai tsaga, kada kuma a yi guga da gefen faifan yanka. Faifan zarto mai haƙora ba na wannan inji ba ne ko kaɗan.

Injin huji kuwa abin da ke juyawa yana naɗe abin da ya samu. Babbar riga da rawani da hannun riga mai faɗi na zuwa masallaci ne da biki. Wurin aiki sai riga mai kama jiki. Abin da za a huda a ɗaure shi, kada yaro ya riƙe da hannu. Kafin a huda bango a san inda wayar wuta da bututun ruwa su ka bi.

ƘURA, ƘARA DA HAYAƘI

Akwai raunin da ba ya zub da jini. Ƙurar da ke tashi in ana yanka tayil, ko bulo, ko kankare, tana ɗauke da garin dutse mai laushi wanda ke taruwa a huhu, ya sandarar da shi cikin shekaru. Wannan ciwo ba shi da magani, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A yi yanka da injin da aka yi domin aiki da ruwa, ko a waje inda iska ke kwashe ƙura, a sa takunkumin ƙura na gaske. Ƙyalle a hanci bai isa ba.

Ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ji in an daɗe cikinta, injin faifai kuwa ya kan kai 100. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya komowa, abin toshe kunne kuwa kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ke aiki da janareta ya ajiye shi waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin ɗaki. Waya mai ɓarewa, da tura tsirarar waya cikin soket da ashana, da aiki da inji mai waya a tsaye cikin ruwa, duk neman ajali ne.

HAƘƘIN MAIGIDA

Yaro ɗan koyo amana ne a hannun maigidansa, kuma abin da ya ga ana yi shi zai yi. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a kange sassan inji masu haɗari, a kuma ba ma'aikata abin kare ido inda aiki ke buƙata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Amma diyya ba ta mayar da ido. Kada maigida ya ba yaro inji sai ya nuna masa, ya tsaya a kansa, ya ga hannunsa ya faɗa.

ABUBUWAN TUNAWA

1. A cire batir, ko a zare waya, kafin a taɓa bakin kowane inji.
2. A sa tabarau na kariya kowane lokaci, har a aikin minti ɗaya.
3. Kada a leƙa bakin bindigar silikon, kada a nuna wa kowa.
4. Kada a cire garkuwar inji.
5. A yi caji a inuwa, ido na kai.
6. A buɗe taga, a kare hanci da kunne.
7. Mai jin barci, ko gajiya, ko wanda ya sha abin da ke juya hankali, ya ajiye inji.
8. In an tashi aiki, a raba inji da batirinsa, a kulle su inda yara ba za su kai ba.

Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa abokan sana'arsa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye, ya sa albarka a sana'a, amin.