Dokar kulle da gonar talaka: jawabi a taron manoma a Tsiga

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan dokar kulle ta shekarar 2020, da abin da ta yi wa manomi a wannan yanki namu na Bakori, Funtuwa da Malumfashi. Wani zai ce abin da ya wuce ya wuce. Amma annoba ba ta yin sallama. Bayan korona mun ga amai da gudawa a 2021, mun ga mashaƙo a 2023, saboda haka gara mu zauna mu yi lissafi tun muna cikin lafiya.

Bari mu tuna yadda abin ya zo. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, an hana taron jama'a, har da sallar Juma'a da sujadar Lahadi. A farkon Afrilu wani likita ya rasu a Daura, gwaji ya nuna korona ce, sai gwamna na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa aka kulle ƙaramar hukumar. Daga nan aka riƙa bin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, inda cutar ta ɓulla a rufe. Gwamnatin tarayya kuma ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ba a buɗe hanyar jihohi ba sai 1 ga Yuli.

Ba mu zo nan mu ce babu cutar ba. Akwai ta, ta kuwa ɗauke dattawa da yawa, musamman a Kano. Cuta ce da ke bin numfashi, don haka rage cunkoso yana da dalili. Abin da muke dubawa shi ne lokacin da dokar ta faɗo, da kuma wanda ta faɗo wa.

Ku lura da watannin: Afrilu, Mayu, Yuni. Ma'aikacin gwamnati yana iya zama gida wata uku, albashi ya same shi a banki. Manomi kuwa waɗannan watanni su ne shekararsa duka. A cikinsu ake sharar gona, a kai takin gida, a nemi iri, a yi huɗa, a yi shuka. Kuma dukanmu mun san inda kuɗin wannan aiki yake fitowa. Mutum ya ajiye buhun masara ko waken suya tun kaka, yana jira bazara ta yi farashi ya ɗaga, ya kai kasuwa ya sayar, ya sayi kamfa da yuriya da maganin feshi. Wanda ba shi da hatsi ya ja akuya ko tunkiya. Kasuwar mako ita ce bankin manomi. Ranar da aka rufe manyan kasuwanni, bankin aka rufe, ruwan sama kuwa bai karanta sanarwar gwamnati ba. Masara kuma ba ta yafe jinkiri: takin da ya kamata ta samu tana sati biyu ko uku, in ya zo tana shirin yin bunni, an yi asarar kuɗi an yi asarar amfani.

A takarda an ce motar abinci da ta kayan noma su wuce. A kan hanya kuwa kowane shinge da nasa fassarar. Direba ya kwana a bakin iyaka, ko ya ba da na goro, a ƙarshe kuɗin ya hau kan tiya. Masu tumatir na noman rani a wajen Danja su suka fi kowa jin jiki, gama tumatir ba ya jiran kowa. Matasan da suka tafi ci-rani Kaduna, Abuja ko Legas domin su dawo da kuɗin taki, wasu sun maƙale, wasu sun dawo hannu wofi. Haka ɗan dako, da mai acaɓa, da gwauruwar da ke soya ƙosai ranar kasuwa tana ciyar da marayu.

Sakamakon bai tsaya a ƙauye ba. Masara ta yi tsada ƙwarai a damunar 2020, har masu kiwon kaji suka yi kuka, a watan Satumba Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 30,000 daga rumbun gwamnati. Amma ƙaramin manomi bai ci wannan tsada ba. Ya riga ya sayar da nasa da araha a ƙofar gida, ga dillalin da ya sami hanyar shigowa, daga baya ya koma yana awo da tsada.

Akwai kuma maganar yarda. A ranar 28 ga Maris 2020 matasa sun ƙone ofishin 'yan sanda a Kusada saboda hana sallar Juma'a. Ba mu goyi bayan ƙone-ƙone ba ko kaɗan. Sai dai doka ce ta iso gari kafin bayani ya iso. Inda mai gari, liman da fasto suka fara zama da ma'aikacin lafiya suka fahimci dalili, jama'a sun fi haƙuri, ko da yake Ista da azumin wannan shekara duka a cikin takura aka yi su.

To me za mu yi? Roƙonmu na farko ga ƙungiyoyin manoma da zumuntar mata ne: a tayar da rumbun tsimi na gari. Kowane gida ya zuba tiya biyu ko uku da kaka, a ajiye iri dabam da na ci, a sa mutum uku masu amana su riƙe makulli da littafi. Masu adashi su tsara kwasa ta faɗo a Maris, a sayi taki tun hanya tana buɗe. Wannan ba don annoba kaɗai ba ne. Mun ga yadda aka sake rufe wasu kasuwanni aka yanke layin waya a 2021 saboda 'yan bindiga.

Ga hukuma kuwa, muna so dagatai da hakimai su kai wannan magana sama tun yanzu: in cuta ta sake zuwa, a rarraba kasuwa maimakon a rufe ta. A fitar da 'yan hatsi da 'yan dabbobi fili, a raba ranaku, a ajiye ruwa da sabulu a bakin shiga, a bar shagon taki da iri a buɗe. Asibitin gari ma kada tsoro ya hana mata zuwa awon ciki da kai yara rigakafi, domin ƙyanda da mashaƙo suna samun ƙofa ne a shekarar da aka tsallake allura.

Bayan an sha ruwa za mu rabu unguwa-unguwa. Kowace unguwa ta kawo sunan mutum uku da ta yarda da su, da ɗakin da za a ajiye hatsin.