Daga Ƙofar Bebeji zuwa Ƙaramar Hukuma: Sauyin Mulki a Kudancin Kano

Mulkin mallaka ba kama ɗaya ya yi a ko'ina ba. A tsibirin Jamaika, wanda Ingila ta ƙwace daga hannun Sifaniya a 1655, Turawa sun kafa gonakin rake da ƙarfin bayin da aka kwaso daga Afirka, babu wani sarkin gargajiya a tsakaninsu da talakawa. Saboda haka siyasar tsibirin ta ginu a kan neman ƙuri'a, wadda kowane baligi ya samu a 1944, kafin mulkin kai a 1962.

A ƙasar Kano kuwa, Turawa sun tarar da sarauta da alƙalai da tsarin haraji. Ranar 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa. Bayan kwana biyu birnin Kano ya faɗi, alhali Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato. Gwamna Lugga bai rushe sarautar ba, sai ya naɗa Abbas, ya ci gaba da mulki ta hannunsa.

Babban sauyin ya zo ne a zamanin Razdan Cargill, wanda ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu. Daga nan manomin Kiru ko na Tudun Wada ya riƙa ganin hukuma a ƙofar gidansa lokacin haraji da jangali. Don haka gwagwarmayar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta fi fuskantar En'e fiye da Bature.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma gyaran 1976 ya miƙa ikon En'e ga ƙananan hukumomi. Duk da haka ba a daina ja-in-ja a kan sarauta ba: a 2019 an sanya Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin sabuwar masarautar Rano, a 2024 kuma aka soke dokar.

Ɗalibi da ma'aikacin gwamnati ya kamata su lura cewa talakan wannan yanki ya gaji hukuma biyu, ta rawani da ta ƙuri'a. Duk aikin raya ƙasa da bai san iyakar kowacce ba, da wuya ya kai ga manomin da aka yi shi dominsa.