Gwanintar Harbi da Ladubban Maharbi a Ƙasar Ƙonni da Adar

Jawabin da aka gabatar a zauren taro, albarkacin bikin cika shekara 100 na gidan sarauta

 



Gabatarwa

A duk ranar hawa, akan ji fitowar sarki kafin a gan shi, domin ƙarar bindiga kan riga doki isowa ƙofar fada. Yara su toshe kunne, mata su rangaɗa guɗa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe fili. Kaɗan ne daga cikin masu kallo ke tuna cewa mutanen nan masu riguna cike da layu magada ne ga wata sana'a wadda ta girmi ganuwar gari. Saboda haka ya dace a ranar da ake waiwayen shekara 100, a ba maharba nasu rabon.

Jawabin zai tsaya ne a kan tambaya guda: wane ne gwanin harbi? Matashin da ya saba ganin bindigogi masu madubin hange a cikin wayar salula zai ce gwani shi ne mai kada dabba daga nesa. Tsohon maharbi kuwa zai ce gwani shi ne wanda ya matso kusa da dabba har ya tabbata harbi ɗaya ya isa, in bai tabbata ba ya sauke hannu. Tarihin wannan ƙasa da lissafin masana da hukuncin shari'a duk sun goyi bayan tsoho.

Maharbi da kafuwar gari

Ruwayoyin kafuwar garuruwa da dama a ƙasar Adar da Ƙonni suna farawa ne da maharbi: shi ya bi sawun dabba har ya gano tabki, ya kafa bukka, daga baya manoma suka biyo shi. Masu bincike irin su Farfesa Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da Nicole Echard, wadda ta yi nazarin ƙauyukan Adar, sun tattara ruwayoyin mazauna na farko. Lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya shigo Adar a ƙarshen ƙarni na 17, har zuriyarsa ta gaji sarautar da ke Illela, ya tarar da ƴan ƙasa masu riƙe da sirrin dawa. Sarauta ta riƙe gari, ta bar wa masu daji dajinsu, ta kuma ba shugabanninsu matsayi a fada.

Daji a wancan zamani yana da ƙofa, ana rufe ta ana buɗe ta. Al'adar buɗin daji, wadda garin Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni ya yi suna da ita, ita ce ke sanar da cewa lokacin farauta ya kama. Ko me mutum zai ce game da sauran abubuwan da ke tattare da al'adar, hikimar da ke cikinta a fili take: dabba tana samun watannin da za ta haihu ta yi reno ba mai tsangwamarta.

Baka, burtu da toka

Makamin maharbin da shi ne baka da kwari cike da kibau, waɗanda ake shafa wa dafin da ake dafawa da ƴaƴan kwankwani. Kibiya ba ta da tabbas in nisa ya wuce taku ƴan gomomi, don haka rabin sana'ar sanɗa ce. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya shiga tsakiyar bareyi ba su ankara ba. Kafin ya fara sanɗa sai ya ɗebi toka ko lallausar ƙasa ya saki a iska, domin ya san inda warinsa zai nufa. Yakan biyo ta inda iska ke kaɗo masa a fuska, ya sa rana a bayansa in hali ya yi, ya daskare duk lokacin da dabba ta ɗaga kai.

Da bindigar toka ta shigo, wadda wasu ke kira harba-ruga, ba ta sauya wannan tsari ba. Cikin bututunta sumul yake, harsashin dalma ko guntun ƙarfe yana fita ne yana tangaɗi, in nisa ya wuce kimanin mita 50 sai dai a yi ta addu'a. Ɗura ta kuma aiki ne: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda. Mai harbi ɗaya tak a hannunsa ba ya wasa da shi.

Darasin shekarar 1899

Bindiga mai cin dogon zango ta iso wannan ƙasa ne a matsayin makamin yaƙi. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma ta nufi tafkin Cadi. Bindigogin sojan Faransa na wancan zamani su ne Gras ta 1874 da Lebel ta 1886. Ita Lebel tana cin harsashi 8 a cikinta, albarushinta ba ya hayaƙi, an kuma zana ma'aunin saitinta har zuwa mita 2,000.

A watan Afrilu rundunar ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu a ƙasar Arewa. Ƴan baka suka ja da baya suka shige kurmi mai duhu, inda nisan bindiga ba ya da amfani, suka kashe wasu daga cikin sojan, suka raunata wasu. A watan Mayu rundunar ta iso Birnin Ƙonni. Nan kuwa gari ne mai ganuwa a fili, igwa da bindiga suka yi aiki daga inda kibiya ba ta kaiwa, aka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, maza da mata da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan rana. Su kuwa jagororin biyu ba su ga ƙarshen watan Yuli ba: bayan an harbe Kanar Klobb da umarnin Voulet a ƙasar Tasawa, sojojinsu suka juya musu baki suka kashe su.

Mutanen Ƙonni sun fi kowa sanin abin da harbi daga nesa ke nufi. Wanda ke nesa ba ya ganin fuskar abin da ya harba, kuma hannun da ba ya ganin fuska yana saurin manta tausayi.

Abin da ke samun harsashi a hanya

Bindigar zamani mai harsashi ɗaya tana da wasu zane-zane a murɗe cikin bututunta, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, shi ya sa yake tafiya kai tsaye. Duk da haka, daga fitarsa baki ƙasa ke janyo shi. Harsashin da ya fita da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa yakan sauka ƙasa da layin bututu da kamar santimita 8 a nisan mita 100. A mita 300 saukar ta kusa mita guda, a mita 500 kuwa ta kusa mita 3. Saukar ba ta tafiya daidai da nisa, ninkuwa take yi, don haka wanda ya yi kuskuren mita 50 wajen kimanta nisa mai tsawo, ko dai ya zarce ta saman dabba, ko ya karya mata ƙafa.

Na biyu iska. Iskar da ke ratsowa ta gefe da gudun kilomita 15 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganyen bedi ba, tana iya kautar da irin wannan harsashi kimanin ɗani guda a mita 300, fiye da kamu guda a mita 500. Iskar da ke wurin maharbi kuma ba lallai ta zama ita ce a tsakiyar hanya ba, musamman a fadamar Maggiya da tsakanin duwatsun Adar, inda take karkata da bin kwari.

Na uku ido. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kawalwainiya kan sa abu ya yi ta rawa, ya bayyana a inda ba nan yake ba. A hunturu hazo kan sa na kusa ya zama kamar na nesa. Harsashin da aka bari cikin rana ya yi zafi shi ma ba ya faɗa inda ɗan'uwansa mai sanyi ya faɗa.

Na huɗu lokaci. Kafin harsashi ya kai mita 500 ya ci kusan daƙiƙa guda. Barewa na iya yin taku ɗaya a cikin wannan ɗan lokaci, harbin da aka nufi ƙirji da shi ya sauka a ciki. Wurin da ke kashe barewa nan take, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, bai fi faɗin ƙaramin faifai ba. Rawar hannun da ke kautar da harsashi santimita 3 a mita 100, ita ce ke zama santimita 15 a mita 500, tun ba a lissafa iska ba.

Ladubban riƙon bindiga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maharbin kirki yana gwada bindigarsa tun a gida, a wurin da tudu ke bayan abin bara: ya auna mita 100 da igiya, ya yi harbi uku zuwa biyar, ya duba inda suka taru, ya gyara saiti. Nisan da zai iya tara harbinsa duka cikin faifai, ba kuskure ko ɗaya, shi ne iyakarsa a daji. Ya kuma san tsawon takunsa, ya riƙa kimanta nisan itace ko suri sannan ya taka ya ƙirga, har idonsa ya goge.

In ya zo harbi, ya nemi abin jingina: gwafa, reshe, ko gwiwarsa, domin ƙashi da itace ba sa rawa kamar tsoka. Ya danna gindin bindiga a kafaɗa, ya kwantar da kunci a wuri guda kullum. Ya ja numfashi ya saki, a ɗan tsaikon da ke biyo bayan sakin ya matsa kunama sannu a hankali da tsokar yatsa, ba fizga ba. Bayan ta tashi kada ya yi saurin ɗaga kai, ya ci gaba da kallon inda dabba take da inda ta nufa.

Ladabin da ya fi duka shi ne duban abin da ke bayan dabba. Harsashin irin wannan bindiga yana iya tafiyar fiye da kilomita 3. Dajin da kakanni suka sani babu shi: tsakanin Malbaza da Galmi da Tsarnawa gonaki ne da garaken albasa, akwai makiyayi a bayan kowane tudu, da mata masu neman itace, da yara masu kiwon awaki. Harsashi kamar magana yake, zarar bunu ne. Ba a harbin motsin ganye, ba a harbin abin da ke tsaye a kan tudu sama na bayansa, ba a shiga gari ko kasuwa da bindiga a ɗure.

Hukuncin shari'a da na hukuma

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malaman wannan ƙasa, ya karhanta farauta don wasa kawai, ya halatta ta in don buƙata ce. Ana ambaton sunan Allah yayin sakin makami, dabbar da aka tarar da sauran rai a yanka ta, wadda ta ɓace ta kwana a daji kuwa malamai sun yi saɓani a kan cinta. Mai harbin nesa shi ne ya fi faɗawa cikin wannan shubuha: ya azabtar da dabba, ya rasa nama, ya ciyar da dila.

Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Ta ɗora farauta a kan izni da lokaci, ta hana farautar dare, da bin dabba da mota, da sa wa daji wuta, da guba, da amfani da makaman yaƙi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da faɗaɗar gonaki, da bindiga da mota, sun share gwanki da jimina daga wannan yanki. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a dajin duniya, sai a 2016 aka fara mayar da shi daji a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata. Raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka tsare su suka haura 600, har a 2018 aka kai guda 8 gandun dajin Gadabeji. Wannan shaida ce cewa dabba tana dawowa in an ɗaga mata hannu.

Kammalawa

Allah ya ja zamanin Sarki, akwai roƙo uku. Na farko, a sa Sarkin Baka ya san kowane mai riƙe da bindigar farauta a ƙasar nan da takardunsa, domin a wannan zamani da ɓarayin daji suka addabi bakin iyaka, a iya rarrabe maharbi da ɗan ta'adda. Na biyu, fada ta haɗa kai da ma'aikatan gandun daji wajen shelar buɗe farauta da rufe ta, kamar yadda buɗin daji ke yi a da. Na uku, a zauna da tsofaffin maharba tun suna raye, a rubuta abin da suka sani na sawu da iska da itatuwan magani da sunayen wurare, domin da tsohuwar zuma ake magani.