Yaushe Za Mu Fitar Da Jagorar Da Ba Ta Kammala Ba?



Maganarmu ta yau a kan littafin jagora ne na irin manhajar nan da aka buɗe cikinta ga kowa, ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Misalinta ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, aka kuma yi aikin rigakafin shan-inna da ita a Arewa. Da Turanci aka rubuta jagorarta. To, idan muka ɗauki nauyin rubuta ta Hausa domin malamin gona a Kudan ko ma'aikaciyar asibiti a Ikara, yaushe ya kamata mu fitar?

Waɗansunmu sun ce sai an kammala, don gudun abin kunya. Ba mu yarda ba. Damina ba ta jiran marubuci. Wanda aka tura ƙidayar manoman rake a ƙauyukan Makarfi, buƙatarsa ya san yadda zai buɗe fom, ya cika, ya ajiye a waya inda babu sabis, ya aika in ya shigo gari. Shafi 10 da suka koya masa wannan sun fi masa 100 da ke kulle a durowarmu. Ai ko Linus Torvalds, Linux tana jaririya ya miƙa ta ga jama'a a 1991, aka taru aka raine ta.

Amma fa giɓi daban, kuskure daban. Babin da ba a rubuta ba, mai karatu zai ga babu, ya nemi na tambaya. Wanda aka rubuta da ka, ba a gwada ba, shi ne abin tsoro, domin za a bi shi ido rufe. A ce jagora ta shawarci mutum ya cire manhajar daga waya ya sake sawa in ta ƙi aiki, ba ta gargaɗe shi cewa fom ɗin da bai aika ba suna iya tafiya tare da ita ba. Yawon mako guda a kan babur ya tashi a banza ke nan, kuma manomi ba ya son a yi masa tambaya ɗaya sau biyu.

Saboda haka duk babin da ya shafi gogewa ko aikawa, kada ya fita sai mutum biyu sun gwada shi a waya. Sauran kuwa a sake su, a rubuta a shafin farko kwanan wata, da lambar manhajar da aka gwada, da sunayen babobin da ke tafe.