Igama Ta Kusa Ƙarewa, Me Ka Yi?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar ga matasa bayan sallar Isha a cikin birnin Kano.

 

'Yan uwa, da wuya a sami unguwa a cikin ganuwar nan, daga Yakasai har Gwale, wadda ba ta da wani a Makka ko Jidda yana neman na kansa. Don haka maganata a daren nan a kan igama ce, wato takardar izinin zama da aiki a Saudiyya.

Wani maƙwabcinmu ya shekara huɗu yana ɗinki a Jidda. Duk ya tambayi kafilinsa batun sabunta igama, sai ya ce masa "bukura". Ana haka takardar ta mutu, aka kama shi a hanya, aka kai shi tarhil na Shumaisi. Da rigar jikinsa kawai ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Keken ɗinkinsa da albashin wata biyu duk suna can.

Musabbabin wannan shi ne tsarin kafala. Ba kai ke sabunta igamarka ba, kafili ne. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora masa kuɗin sabuntawa har da tarar jinkiri. Amma in ya yi sakaci, wa ake kamawa a titi? Kai! Wannan zalunci ne, tun da mai laifi daban, mai shan wuya daban.

To mene ne abin yi?

Na farko, ka san ranar da igamarka za ta ƙare. Ka duba a manhajar Absher, kada ka dogara da maganar baki. Ka fara tuntuɓar kafili tun da sauran wata biyu.

Na biyu, ka riƙe fasfonka, ka tabbata bai mutu ba. Doka ba ta ba kafili ikon riƙe shi ba.

Na uku, ka san haƙƙinka. Tun watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wurin aiki ba da yardar kafili ba idan igama ta mutu ba a sabunta ba, ko aka yi wata uku a jere ba albashi. Sai dai wannan gyara bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba.

Na huɗu, kada ka gudu don fushi. Idan rahoton gudu, wato hurub, ya tabbata a kanka, ka koma abin farauta.

Ku kuma masu shirin tafiya, bizar Umara ba ta aiki ba ce. Ku tuna da 2013 da 2017, da aka ba da wa'adin afuwa, yana cika aka shiga kame. Wanda ya shiga da sunan ibada ya maƙale, ya saɓa alkawari, alhali Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara.

Duk mai ɗan uwa a can, ya kira shi a daren nan ya tambaye shi ranar ƙarewar igamarsa.

Allah Ya ba mu halal, Ya isar wa duk wanda aka zalunta.