Jawabi A Kan Aikin Yanar Ido

Cikin idon mutum akwai wani ɗan madubi garai-garai; in ya dushe saboda tsufa, shi ake kira yana. Dā likita yakan cire shi, mutum ya dogara ga tabarau mai kauri. A 1949 Likita Harold Ridley na Landan ya fara dasa madubin roba a gurbinsa. Yanzu da yawa sukan gani sarai ba tabarau, sai wajen karatu. Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu su riƙa tura masu yana asibiti. Kada a bar masu sokar ido da allura su taɓa su, gama wannan yakan jawo makanta.