Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Zagayawa da Ɗalibai Don Sanin Muhalli a Kano

 

Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu, iyayenmu mata, 'yan jarida, da ku 'ya'yanmu da muka taru dominku, barkanku da zuwa.

Kowa ya ga aikin da matasan nan suka yi. Sun hau Dala da Gwauron Dutse da ɗalibai tun rana ba ta yi zafi ba. Sun bi abin da ya rage na ganuwa. Sun kai yara gidan zu da marigayi Audu Bako ya kafa, sun kai su karofin Ƙofar Mata suka ga yadda baba ke zama shuni. Yaron da ya bi su yanzu zai gaya maka cewa gawo da damina yake kaɗe ganye, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Zai gaya maka jemage ne ke ɗaukar wa furen kuka ƙwayar haihuwa da dare, kuma darbejiyar da ta cika titunanmu baƙuwa ce daga Indiya. Idan ya hango shamuwa, ya san damina ta ƙarato.

Mu fa mutanen garin da itatuwa suka raɗa wa unguwanni suna ne: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka. Amma a je Kurna a tambayi ɗan firamare ya nuna bishiyar kurna, a ga ikon Allah.



Yanzu zan ajiye takardar da aka rubuto mini, don akwai abin da ke cina, wato kududdufai. Ramukan nan kakanninmu ne suka haƙa su, suka ɗebi ƙasa suka gina gidaje da ganuwa, ramukan kuma suka zama matattarar ruwan sama. A bakin kududdufin unguwarmu na fara ganin talibambam ya fito da ƙafafu ya zama kwaɗo. A nan na san belbela da mazari da tarwaɗa, ba wanda ya buɗe mini littafi. Yau shaguna ne a wurin. Haka ake yi kullum: a fara zuba shara, a bi da ƙasa, a wayi gari an kafa harsashi. In Agusta ta zo ruwa ya rasa inda zai kwanta, sai ya shiga ɗakin talaka, mu ce ƙaddara. To ina za ku kai ɗalibai, 'ya'yana, in an cike ajin naku?

Na san za a ce wari da sauro. Gaskiya ne, amma mu muka juya musu kwatami da bola. A yashe su, a kewaye su, a dasa itatuwa a gefe, a hana zuba shara. In ba haka ba, za su ɓace kamar ungulu. Da ƙuruciyarmu ba a ƙirga ta a mayanka, amma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya, muna kallo ta ɓace. Ranku ya daɗe masu unguwanni, ku kuka san kowane rami da kowane fili. Ina roƙonku, a gaban wakilin Sarki, kada ku sa hannu a takardar cike ko ɗaya daga cikin kududdufan da suka saura.

Ku kuma da aka yaye, ku riƙa ƙirga yara kafin fita da bayan dawowa, kada wanda ya kusanci ruwa ba babba, kada a fasa sheƙar tsuntsu.

Da sunan Allah nake miƙa muku takardunku. Allah ya yi muku albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.